Hatimi Goma

Sau tara na biya kuɗin mota daga Maraɗi,
kowace tafiya hatimi guda a kati.
Yau mai tikiti ya ƙirga, ya ce:
"Shiga, ta goma kyauta ce."
Na zauna bakin taga kamar motar tawa.

Damagaram, duwatsunki suka tarbe ni da azahar.
Jika biyun da suka tsira
na kai su bayan Kasuwar Dole,
wurin Inna Lanti mai dambun zogale.
Ta ƙara mini ƙuli ban roƙa ba.
Ɗan kabu-kabu ya ce dala sittin,
na ce ƙafata ba ta shan mai.

A filin jami'a ƙanena Tsahiru ne gola,
safar hannunsa ni na ɗinke ta.
Ta fari ya cafe, ta biyu ya ture,
ta uku ta bi tsakanin ƙafafunsa.
Ihu ya tashi, na sunkuyar da hula.

Da magariba muka raba kilishi, bai tanka ba.
Na nuna masa sabon kati, fari fat:
"Kafin wannan ya cika,
ka koyi rufe ƙafa."