Hagu Ba Loma Guda Ba Ce

Daga Ambursa nake tasowa kafin rana ta yi ƙarfi,
ƙwan zabi ɗari da ashirin a kwando bayana,
kwance cikin ƙaiƙayi kamar 'ya'yan gata.
Keken nan ya girmi ɗana na fari.
Kacarsa na tari, birkin baya sai an lallashe shi.

Hanya ba ta da wuya
sai mararrabar nan ta cikin Birnin Kebbi
inda aka kafa dogon ƙarfe mai ido uku,
ba ya barci, ba ya amsa gaisuwa.

Dama 'yar gida ce:
ka miƙa hannu, ka bi bakin titi, ka silale.
Ko ita ɗin, in ja ya buɗe ido, sauke ƙafa.
Kada ka ce ai gefe ne, wa zai gan ni?
Akwai yarinya da jakar boko riƙe da hannun ƙanenta,
wannan jan take jira tun ɗazu.

Hagu ce mai ƙaho.
Koren da ya kunna maka ya kunna wa mai fuskantarka,
tirelar shinkafa ma kore ta gani,
kuma ita ba ta san ƙwai ba.

Ni ma ban sani ba sai bara da damina.
Ruwan ɗorawa ya kama, na ce bari in riga shi,
na yanke tsakiya kamar mai ƙetare gonar ubansa.
Ɗan kabu-kabu ya shafi tayar baya,
shafa kawai,
ko waiwaye bai yi ba.
Na tashi babu jini,
amma kwalta ta shanye tarin kwana tara na Tumba,
gwaiduwa na bin farin fenti a hankali,
launinta ɗaya da fitilar da na raina.

Labbo mai faci, can gindin dalbejiya,
bai ce sannu ba sai da ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe.
Ya ce, "Nomau, mi kaka sauri?
Hagu ba a cin ta loma guda.
Kore ya zo, wuce miƙe ta gefenka har ƙetare.
Tsaya nan. Juya kan keke ya dubi inda za ka.
Jira wani koren. Shi an naka."

Na ce, jira biyu a mararraba ɗaya?
Ya ce, "Ƙidaya ƙwanka."
Babu abin ƙidayawa. Na yi shiru.

Yanzu haka nake yi.
'Yan kabu-kabu na ihu, "Baba ya ɓata hanya!"
Na bar su da iska.
Ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya kan feda,
a jira na biyun nan na san garin da nake ratsawa shekara goma:
mai lemu yana fere ɓawo bai taɓa tsinkewa ba,
akwai kurciya da ta yi sheƙa a bayan jar fitila,
ita kaɗai ke wucewa ba izini.

Ran da idon ukun ya mutu gaba ɗaya,
kowa ya zama mai gari,
oda na zagin oda,
sai in sauka in tura.
Keken da ake turawa ba ya jin kunya,
ni ma na daina ji.

Arzika mai shayi yakan tare ni da agogo:
"Yau ma ka makara."
Na ce, na makara.
Ya tsuguna, ya tsoma hannu cikin ƙaiƙayi,
biyu-biyu, biyu-biyu, leɓensa na motsi,
ni kuwa ina kaɗe ƙurar wando,
ina jiran ya kai ɗari da ashirin.