Tafiyar Minti Shida

Cindo ya zo daga Wurno da takardu cikin leda
da ƙafafu biyu da suka kumbura har takalmi ya ƙi su.
Shekara talatin da ɗaya, manomin albasa.
Ya ce numfashi na ƙare masa tsakanin rijiya da fangali,
tafiyar da a da yake yi da buhu a ka.

Na shafa mai a ƙirjinsa, na ɗora kan na'ura.
Allo ya yi baƙi, ya yi toka-toka, sai ga ta:
ƙofar hagu ta zuciya,
wadda ciwon maƙogwaron ƙuruciya ya tauna a ɓoye,
ta ƙanƙance, ta taurare kamar busasshen ƙirgi.
Wannan ana iya cire ta a sa ta ƙarfe.
Ba ita ta hana ni barci ba.

Abin da ke bayanta ne.
Jinin da ya rasa hanya ya ja da baya, ya taru a huhu,
jijiyoyin can suka yi kauri don su jure,
ɓangaren dama kuwa, mai siririn bango,
wanda ba a halitta don kokawa ba,
shi ke ta turi, yana turi.

Na auna gudun jinin da ke tsiyaya baya,
na ninka, na haɗa. Saba'in da biyu.
Na goge, na sake. Saba'in da huɗu.
Fanka na kaɗa zafin Afrilu daga bango zuwa bango.
Tumba ta rubuta, ba ta ɗago ba.

Na fara zane a bayan katinsa, ya tare ni:
"Likita, ai na gane.
In bakin mesa ya toshe, inji shi ka shan wuya.
Mun taɓa buɗe wata bayan kwana biyu,
hanya ta samu, amma injin ya riga ya ƙone."
Ya dubi allon.
"Nawa ya ƙone?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Mun kai shi baranda,
daga tagar magani zuwa famfo, je ka dawo, minti shida.
Ya yi mita ɗari biyu da goma.
Sau biyu ya dafa bango, leɓensa ya yi duhu,
yana ba ni haƙuri
kamar shi ya ɓata mini lokaci.

Ranar Talata muka zura siririyar roba ta jijiyar wuyansa,
ta bi ta dama, ta shiga har ƙofar huhu,
mu ji daga bakin mai ita.
Muka ba shi iska, muka tsaya.
Ni dai lamba nake kallo, kamar mai duban wata.
Ta tsaya.
Ta tsaya har na ji gumi a cikin safar hannuna.
Sannan ta sauko,
kaɗan,
kamar tsohuwa mai sauka daga mota.

Jijiyoyin ba su gama rufe kunne ba ke nan.

A waje Hajo na zaune a tabarma da kwanon fura.
Ta ce sun sayar da injin ban-ruwa ranar kasuwa,
albasar bana ta ƙanensa ce.
Ba ta tambaye ni komai ba,
ta gyara mini wuri in wuce.

Bayan la'asar na zauna da takardar masu fiɗa.
Inda aka ce haɗari na rubuta: babba.
Inda aka ce shawara
biro ya daɗe a sama.
Ana kiran salla daga wajen Gawon Nama.
Na rubuta: a rage ruwan jikinsa mako biyu,
a tanadi gado da mai gadin dama,
a yi.