Buhu Goma Sha Ɗaya

Ni ke riƙe da sikeli a filin jirgin Sakkwato.
Shekara tara ina auna abin da zai tashi sama:
fatun jar akuya, tafarnuwar Wurno,
albasar Goronyo da aka ɓoye a rudu
har damina ta tsaya, kuɗinta ya yi wuta.

Ran wata Laraba, bayan la'asar,
Alhaji Maishanu ya dafa kafaɗata:
"Ɗan'ige, buhu sha ɗaya kaɗai suka rage.
Mi kara guda za ya yi ma giwa?"
Na ɗaga buhunan, na aje biro.
Takarda ta tafi da nata nauyin,
jirgi ya tafi da nasa.

Kyaftin Sambo bai runtsa ba tun Litinin,
na ga idonsa, jajir kamar gauta.
Ya sha shayi a tsaye, ya bar rabi a kofi.
Lawali, wata uku da samun kujerar dama,
ya ga hadari a takardar masu duban yanayi,
ya buɗe baki,
ya dubi furfurar Kyaftin,
ya haɗiye.
Malami bakanike ya ce agogon da ke faɗin tsawo
tun makon jiya yake ƙarya.
An rubuta wa ofis. Ofis ya ce a lallaɓa,
sabo yana hanya.

Suka ci titi har ƙarshensa kafin ƙafa ta bar ƙasa.
Na gani. Na kau da kai.

Mu nan ƙasarmu tabarma ce,
daga Kware kana hangen inda ruwa ke sauka.
Ban taɓa ganin dutsen da ke sa kansa cikin girgije ba.
Can gabas, wajen iyaka, an ce haka suke,
tsaitsaye cikin duhu, ba fitila, ba sallama.
Don a rage shan mai aka yanke hanya ta kansu.
Iska ta danno daga bisa,
ruwa ya rufe gilashi,
agogo ya ce akwai sauran fili,
dutse ya ce babu.
Kyaftin ya ja, injin ya ba da duk abin da yake da shi,
jirgi ya ɗago kamar raƙumin da aka yi wa lodin gishiri.
Tsawon giginya biyu, in ji su, ya rage su haye.

Makiyaya suka fara isa.
Kwana uku dutsen yana ƙaurin gasasshiyar albasa.

Masu bincike sun zo da akwatin da ake ce wa baƙi,
alhali ruwan goro ne.
Sun ƙirga: hadari, gajiya, agogo, gajeriyar hanya,
da shirun yaro a gaban babba.
Sun duba takardata, lissafi ya cika cif.
Ɗayansu har ya yaba rubutuna.

A zaman makoki a Mabera
kowa ya ce kwana ne ya ƙare.
Na yarda, wallahi na yarda.
Sai dai igiyar rijiya ba ta tsinkewa rana ɗaya,
zare-zare take saki,
kowa ya ja nasa guga ya tafi,
kuma na san zaren da ya saki a hannuna.

Alhaji ya karɓi kuɗin inshora, yana neman wani jirgin.
Sabon agogo ya iso ran Asabar,
yana nan cikin kwalinsa.
Kofin Kyaftin mai shayi ya wanke, wani na sha da shi.

Ni kuwa kullum ina lissafi da dare:
buhu sha ɗaya, giginya nawa ke nan?
Malamin lissafi na tambaya, ya ce ba a raba buhu da giginya.
Liman na tambaya, ya yi shiru,
can ya ce akwai wani sikelin,
shi ba a aje masa biro.