Turken da Na Kafa

Ni Nomau, ɗan Tasalla mai daddawa,
ni na ja musu sarƙar awo arewa da Zangon Daura.
Ladana gishiri ƙoƙo guda
da akoko kamu huɗu.

Turawa biyu ne, ba sa jin juna sosai,
ɗaya jawur, ɗaya mai gemun bunsuru.
Da rana su yi ta musu a kan takarda,
da dare su ci zabo a faranti ɗaya,
su leƙa taurari ta wani bututun ƙarfe,
wai a can sama aka ajiye iyakar gonarmu.

Na tambayi Tunau tafinta, me ake rabawa?
Ya ce an gama rabo tun kana goye,
a wani birni can ƙetaren teku.
An sha zama a kan Kwara da Binuwai,
jirgin wa zai wuce, wa zai karɓi fito,
wa zai sayi ƙaro da ƙiraga.
Yanzu Faransa ke son hanya mai rijiyoyi zuwa Chadi,
shi ya sa aka biyo ta kanku.

Ban taɓa ganin Kwara ba.
Ruwan da na sani gaba goma sha biyu yake a ƙasa,
rijiyar kakana Barmo, gindin gawo.

Ran Talata sarƙa ta miƙe ta ratsa waken Inna.
Aka ce, nan.
Na ɗau dagi na haƙa,
ƙasar ko gardama ba ta yi mini ba.
Gidanmu ya faɗa rabon Ingilishi,
rijiya ta bi Faransa.

Da la'asar Inna ta fito da tulu.
Ta dubi turken, ta dube ni:
"Me za a ɗaure a nan, Nomau?"
Na sunkuya ina kakkaɓe ƙafa.

Yau in jakina ya taho da kanwa daga Matamaye
sau biyu ake sauke masa mangala,
can a nemi tamma, nan a nemi sule.
An ce jiragensu na wuce Kwara ba mai tarewa.
Laifin jakin ne, da bai koyi iyo ba.

Gishirin bai kai kaka ba,
akoko ya zama tsumman goge fitila.
Turken kuwa gara ta lasa ta bari.
Ƙirya na zaɓo musu da hannuna,
don a ce yaron nan ya iya aiki.