Aci-balbal a Agege

Ruwan Ikko ya hana mu fita,
Hansatu ta kunna mana katun:
wata tsohuwar aci-balbal mai ido biyu,
an yar da ita tun zuwan lantarki,
tana bin tukwane da tambaya,
"Ni don me aka ƙera ni?"

Na yi tsaki, wai shirmen yara.
Shekara talatin ina kasa albasa a Agege,
ban taɓa yi wa kaina tambayar ba.

Ludayi ya buɗe baki zai amsa,
sai Nepa suka ɗauke wuta.
Janaretan maƙwabta ya yi tari, ya mutu.

"Kaka, me zai ce mata?"

Na laluba ƙarƙashin gado,
na zaro fitilar marigayiya Tasalla,
na ƙyasta ashana.
Fuskar yarinyar ta fito daga duhu.