Ɗingishin Aro

Wasiƙar ta same ni a Suwame, ƙarƙashin wata tsohuwar bas,
hannuna duk baƙin mai.
Inusa, yaron shagona, ya riƙo ta da yatsa biyu
kamar wanda aka aika ɗebo garwashi:
"Maigida, tambarin ƙasar waje ne."
Na ce ya ɗora a kan batir.
Ban taɓa ta ba sai bayan la'asar.

Wai sun sake buɗe fayil ɗina.
Wasu mutane sun zauna a ɗaki mai sanyi,
sun duba shekara shidan da na yi ina sara wa tutarsu,
sun duba layi ɗayan nan da ya cinye shidan,
suka soke shi.
Yanzu, in ji su, sallamata ta girmamawa ce.
Shekara ashirin da uku kalmar ta yi a hanya
kafin ta iso Kumasi.

Ban gudu daga fagen daga ba.
Ban saci ko harsashi ɗaya ba.
Takarda ce aka tsinta a akwatina,
rubutun hannun wani soja ɗan'uwana,
layi huɗu, ba ƙari,
har da kuskure a rubutun sunana.
Aka karanta ta a gabana da murya irin ta lissafin kaya.
Aka karɓi kaki, aka karɓi takalmi,
aka bar mini ƙafafu.

Da na dawo Aboabo, Inna ta tare ni a bakin famfo.
Ta ce, "Mutaru, me ya dawo da kai ba lokaci ba?"
Na duba ƙasa, na ce gwiwa ce.
Nan take na fara ɗingishi,
daga famfo zuwa ƙofar ɗakinta, taku goma sha ɗaya.
Ta dafa ganye, ta shafa man kaɗanya,
ta sayar da zannuwanta biyu ta kai ni wurin mai ɗori.
Mai ɗori ya latsa, ya latsa, ya dube ni cikin ido,
ya karɓi kuɗinsa bai ce komai ba.
Allah ya jiƙan mutumin nan.

Tun ranar nake jan ƙafar hagu.
A masallaci ana ba ni kujera,
a layin koko ana cewa a bar soja ya wuce.
Kowace alfarma ina haɗiye ta kamar tsakuwa a tuwo.

To yau ga wankewa ta zo, fara tas, da sa hannu.
Wa zan nuna wa?
Duk wanda ya ji an wanke ni
sai ya tambayi abin da aka shafa mini.
Garin nan yana yafe wa gurgu.
Ban sani ba ko yana yafe wa irina.

Shi kuwa mai layi huɗun,
ya rasu shekara tara da suka wuce, a garin da ban taɓa gani ba.
Ko an buɗe nasa fayil ɗin?
Ko wa zai karɓa, ya ɗora a kan batir?

Ranar Juma'a na tafi maƙabartar Tafo.
Ruwa ya zaizaye alamar, sai da na ƙirga daga bishiyar mangwaro.
Na tsuguna, da gwiwa biyu lafiyayyu,
na karanta wa Inna wasiƙar, ina juya mata ita da Hausa.
Da na ƙare na faɗa mata sauran,
abin da babu a takarda.
Ƙasa ba ta tsage ba.
Wata akuya ce kawai ta ɗago kai, ta ci gaba da kiwonta.

A hanyar fita ba kowa sai ni.
Na ce bari in taka kamar yadda aka koya mana,
hagu, dama, hagu.
Ƙafar ta ƙi.
Ta riga ta gaskata ni.