Lilo a Amakom

Asabar ce, na rufe shago tun da hantsi,
na bar wandon Malam Mumuni babu ƙafa ɗaya,
don Zuwera ta riƙe bakin rigata tun jiya:
"Kaka, ka ce lilo. Kai ka ce."
Alkawari kaya ne,
na yaro kuwa ba a sauke shi a hanya.

Daga Aboabo muka hau turoturo,
yaron mota na kiran Amakom kamar suna da tsohuwar gaba.
Ta zauna kan gwiwata, wadda ke ciwon,
ban ce uffan ba.

Ƙamshin kelewele ya tare mu a ƙofa,
citta da barkono da ayabar da ta nuna ta wuce misali.
Ruwan daren jiya ya jiƙa jar ƙasa,
ciyawa ta sha ta ƙoshi.
Lilo uku ne.
Ɗaya ya tsinke, an ɗaure sarƙarsa a sama
kamar akuyar da ta yi ɓarna.
Sauran biyun, layi.

Ubanta Isaka na can Tema, yana ƙirga kwantena,
ya ce, "Baba, ka ɗauko mini ita a waya, in gani."
Na ɗaga wayar kamar mai neman wata.

Da layi ya zo kanta sai ta ƙi.
Ta dafa katakon, ta janye hannu,
ta dubi sarƙa, ta dubi sama, ta dubi takalminta.
Wani ɗan Batone mai giɓi, Kwabena,
ya matso ya faɗa mata wani abu da Tonanci,
ta mayar masa tiryan-tiryan.
Shekara arba'in ina garin nan, harshena na tuntuɓe;
ita biyar, tana gudu a cikinsa ba takalmi.

Ta hau.
Wayar ta yi ƙyaf, ta mutu.
Na jijjiga ta, na roƙe ta, na tuna mata kuɗinta.
Ko gezau.

Sai na jefa ta aljihu,
na sa tafin hannu biyu a bayan yarinyar,
ɗan bayan nan, bai kai faɗin aljihun da nake ɗinkawa ba,
na tura.
Ƙiiiƙ, ta tafi. Ƙiiiƙ, ta dawo.
"Ƙara!"
Na ƙara.
Kitsonta ya miƙe, duwatsun gashinta na kacau-kacau.
"Kaka, na ga fitilun filin ƙwallo!
Kaka, na fi ka tsawo!"
Duk turawa sakewa ce,
haka na saki ubanta, lilonsa dai ya fi doguwar sarƙa.

Bayan azahar muka gangara gidan namun daji,
can gefen Kejetiya, inda kasuwa ke ruri kamar teku.
Kada ya ƙi motsi, ta ce na roba ne.
Biri ya miƙo hannu, ta ce ba ta da canji.
Amma da ta ɗaga kai,
ga jemagu dubu a rassa, kai ƙasa, ƙafa sama,
iska na kaɗa su a hankali.
Ta yi shiru, kwakwa na ɗiga daga haɓarta.
"Su wa ke tura su?"
Na buɗe baki, na rufe.

Da dare Isaka ya kira ta wayar maƙwabci.
"Ina hoton, Baba?"
Na ce babu.
Na ce, ka zo da kanka, lilo biyu na aiki.
Ya yi dariya, ya ce sai Sallah.

Tana barci, yashi a bayan kunnenta.
Na koma kan keke in gama ƙafar wandon.
Hannuna na warin tsatsa.
Na taka, ya tafi, ya dawo,
ya tafi,
ƙiiiƙ.